Tumbuɗin Jarirai: Muna Yaƙi Da Marar Illa, Muna Sakaci Da Mai Kisa



Iyayenmu, shugabanninmu, 'yan uwa maza da mata mazauna Legas da kewaye, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, barkanmu da war haka.  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau magana ce ta cikin ɗaki, wadda yawancinmu maza muke ganin ba ta shafe mu ba sai ranar da aka ce mu kawo kuɗi. Maganar tumbuɗin jarirai ce. A cikin 'yan watannin nan sau biyu ana taɓa asusun taimakon gaggawa na ƙungiya saboda jarirai biyu, kuma da muka zauna muka saurari iyayensu, sai muka ga labarin biyu ne amma darasin ɗaya ne. Ba za mu kama suna ba, kuma sun yarda mu ba da labarin don wasu su amfana.

Ta farko jaririya ce 'yar wata 3, ɓul-ɓul da ita, tana shan nono tana dariya. Laifinta kawai, duk ta sha sai ta dawo da kaɗan a kafaɗar uwarta. Kakarta ta bugo waya daga gida ta ce beli ne. Maƙwabciya ta kawo agbo. Mai kemis ya haɗa sirof kala uku. Wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, aka sayo madarar gwangwani. Daga ƙarshe aka kira wanzami ya cire belin. Kwana biyu yarinya ta ƙi kama nono, zazzaɓi ya rufe ta, sai asibiti. Sati guda suka yi a kwance. Da likita ya duba katin awonta, sai ya ce musu tun farko lafiyarta ƙalau, nauyinta yana hawa yadda ake so. Wato ba tumbuɗin ne ya kwantar da ita ba, maganin da muka yi wa tumbuɗin ne.

Na biyu yaro ne ɗan sati 5, ɗan fari. Shi nasa ba dalala yake yi ba, feshi yake yi, ya tsallake cinyar uwar ya sauka a tabarma. Yana gamawa sai ya hau neman nono kamar bai sha ba. Uwar ta damu, amma kowa ya ce mata: "Ke dai ba ki saba ba ne, tumbuɗi ne, ƙiba zai yi." Aka yi kwana goma ana jiran ƙiba, yaro yana zubewa. Sai da maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, sannan aka garzaya da shi. Hoto ya nuna ƙofar da abinci ke fita daga cikinsa zuwa hanji ce ta toshe. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka yi tiyata, Allah Ya yi da sauran kwana.

Ku duba da kyau. Wadda ba ta buƙatar komai an yi mata komai. Wanda yake buƙatar gaggawa an ce a yi haƙuri. Ra'ayinmu ke nan a wannan rubutu: yawancin tumbuɗi ba cuta ba ne, ba ya son magani, ba ya son aska, ba ya son canjin nono. Amma akwai aman da ke kama da tumbuɗi wanda ba ya jiran gobe. Aikin da ke kanmu shi ne mu san bambancinsu.

ME KE KAWO TUMBUƊI?

Tsakanin bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro da kuma cikin kansa, akwai wata tsoka zagayayya da ke aiki kamar zariya. Idan abinci ya zo ta saki ya wuce, sannan ta tsuke don kada ya dawo. A jikin jariri wannan zariyar ba ta gama ƙwari ba, takan saki ko ba dalili. Ga bututun nasa gajere, ga abincinsa ruwa zalla, ga shi yawancin yini a kwance. Ka cika kwalba da ruwa, ka sa mata murfin da bai kama sosai ba, ka kwantar da ita, me kake tsammani?

Sannan a duba yawan abin da yake sha. Jariri yana shan kusan mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Da babban mutum mai kilo 70 zai sha daidai da haka, sai ya shanye fiye da lita 10 na madara kullum, kuma ya yi ta a kwance. Wa zai riƙe wannan bai dawo da wani abu ba?

Shi ya sa abin ya yi yawa. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bayyana a 2015 cewa aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi, yakan fara kafin su kai sati 8, wasu suna yi sau shida ko fiye a yini, kuma 9 cikin 10 na masu yi suna dainawa kafin su cika shekara. Yakan fi tsanani wajen wata 4, sannan ya fara ja baya idan yaro ya soma zama da cin abinci mai kauri. Lokaci ne maganinsa.

Tsofaffinmu da ke cewa yaro mai tumbuɗi shi ke ƙiba ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Abin da suka lura da shi shi ne, yaron da ke samun nono isasshe har ya yi rara shi ya fi dawo da shi. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan magana a shafa wa kowane irin amai. Kuma abin da ake gani a riga yana ruɗi. Ki zuba cokali ɗaya na madara a kan zane ki ga faɗin da zai yi. Sau da yawa abin da uwa take ganin yaro ya amayar da duk abin da ya sha, bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba.

Alƙalin wannan shari'a sikeli ne. Jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo nauyin haihuwarsa wajen sati 2, ya ninka shi wajen wata 5 zuwa 6, ya kusa ninka shi uku idan ya shekara. Duk ranar rigakafi, a sati 6, sati 10, sati 14 da wata 9, ana ɗora shi a sikeli a rubuta a kati. Idan layin katin yana hawa, yaro yana jiƙa famfas ko nafkin kamar sau shida a yini, yana shan nono da marmari, yana wasa, to matsalar ta wanki ce, ba ta asibiti ba.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Ga waɗanda muke roƙon kowane gida ya haddace. Idan aka ga ɗaya daga ciki, ba kemis ba, ba wanzami ba, ba jiran a ji ta bakin gida ba:

1. Amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, musamman tsakanin sati 2 zuwa sati 8. Wannan shi ne irin na yaron da muka ba da labari. Ya fi kama maza, kusan ninki huɗu a kan mata. Tiyatarsa ƙarama ce, kuma yara suna warkewa sarai idan an je da wuri.
2. Amai kore, launin ganye. Yana iya nuna hanji ya toshe ko ya murɗe. A wannan awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.
3. Jini a cikin amai, ja ko baƙi-baƙi, ko jini a kashi.
4. Ciki ya kumbura ya yi tauri.
5. Zazzaɓi, musamman ga jaririn da bai kai wata 3 ba.
6. Yaro ya yi laushi, yana barcin da ba a iya tashinsa, ko ya ƙi kama nono.
7. Maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu. Ko kuma maɗigar ta kumburo, ko kai yana girma da sauri.
8. Nauyi ya tsaya ko yana raguwa.
9. Shaƙewa, numfashi ya ɗauke, ko leɓe ya canza launi.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu ba ne amma suna son ganin likita cikin kwanaki: aman da ya faro bayan yaro ya wuce wata 6, ko ya ci gaba bayan shekara, yaron da ke gantsarewa yana ihu a kan nono kullum, tari ko ciwon ƙirji mai yawan dawowa. A nan ne likita zai duba ko tsamin ciki ne ke ƙona bututun abinci, wanda shi ne ainihin cutar, ko kuwa jikin yaron ne ba ya karɓar madarar shanu. Wannan na biyun yakan zo da ƙuraje, gudawa ko jini a kashi, kuma gwajinsa shi ne a janye madarar na sati 2 zuwa 4 a ƙarƙashin kulawar likita. Bakwaini da yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa sun fi kamuwa da mai tsananin, don haka su ba a yi musu jinkiri.

ABUBUWAN DA MUKE YI DA SUNAN MAGANI

Mu faro da beli, ko hakin wuya. Muna girmama wanzamanmu, sana'a ce ta gado, kuma da yawansu 'yan wannan ƙungiya ne. Amma gaskiya ɗaya ce. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, ƙofar da ke sakin nono tana can ƙasa a bakin ciki. Yanke na sama ba ya tsuke na ƙasa. Kowane ɗan Adam da belinsa aka halicce shi, kuma yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Abin da yankan ke jawowa kuwa sananne ne a asibitocin yara: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, sandarewar jiki, ƙin shan nono saboda raɗaɗi, da haɗarin ɗaukar ciwon hanta idan askar ta taɓa wani. Jinin jikin jariri gaba ɗaya bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. Abin da babba zai zubar ya tashi ya tafi kasuwa, shi zai iya kai jariri kabari.

Za a ce: "Ai an cire wa wane, ya daina." Haka ne, ya daina. Amma wanda ba a cire wa ba ma ya daina, a daidai wannan watannin. Lokaci ya yi aiki, aska ta karɓi yabo.

Na biyu, jiƙe-jiƙe. Daga gida a aiko da sassaƙe da saiwa, a nan kuma maƙwabtanmu Yarabawa, da zuciya ɗaya, su kawo agbo. Wasu har 'yar kanwa suke jiƙawa, tunda babba yakan lasa idan ƙwarnafi ya dame shi. Hanta da ƙodar jariri ba su yi ƙwarin da za su tace waɗannan ba, ba wanda ya san ma'auninsu, ga ruwan da aka jiƙa da shi. Zuma ma, duk da albarkarta, likitoci sun hana ba yaron da bai shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta shanye masa jiki har numfashi.

Na uku, kemis. A nan ne kuɗinmu ya fi tafiya. Maganin tsayar da amai irin su metoclopramide an hana ba yaron da bai shekara ba, saboda yana iya sa wuya ya karkace, ido ya kafe, jiki ya sandare, har a ɗauka iska ce. Promethazine, wanda ake ba yara don su yi barci a huta, an hana shi ga wanda bai kai shekara 2 ba domin yana iya danne numfashi. Ranitidine da aka daɗe ana ba yara, hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani sinadari da aka samu a ciki mai alaƙa da ciwon daji. Omeprazole da danginsa suna rage tsamin ciki, ba sa hana nono dawowa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan jarirai masu kuka da tumbuɗi ba su nuna sun fi ba a ba da komai ba. Ga shi tsamin nan da ake kashewa shi ne mai gadin ciki, idan ya ragu gudawa da ciwon huhu sun fi samun hanya. Suna da amfani ga yaron da likita ya tabbatar yana da cutar, a ma'auninsa, na ƙayyadadden lokaci. Gripe Water da kusan kowane ɗakin mai jego ke da shi, ba shi da wata hujja cewa yana hana tumbuɗi.

Mu da ke Legas bai kamata a tuna mana ba. A ƙarshen 2008 sirof ɗin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a garin nan, ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda. Yara aƙalla 84 suka rasu, an ga gawarwakinsu a asibitocin Legas, Ibadan da Zariya. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, sauƙi suka nema wa 'ya'yansu a kan abin da zai wuce da kansa. Duk kwalbar da yaro ba ya buƙata, haɗari ce da aka sayo da kuɗi.

Na huɗu, ɗora wa uwa laifi. Da yaro ya fara tumbuɗi sai a ce nononta ya yi ruwa, ko yana da zafi, ko mugu ne. A sa ta shan ɗaci, ko a raba yaro da nono a koma gwangwani. Wannan zalunci biyu ne. Nonon uwa ya fi kowace madara saurin narkewa da barin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka. Wanda ya cire yaro daga nono saboda tumbuɗi, ya sayi gudawa da tsadar gwangwani, tumbuɗin kuma yana nan.

Na biyar, ɗura. A toshe wa yaro hanci a kwarara masa koko ko kunu da tafin hannu, wai don ya maye abin da ya zubar. Cikin da ya riga ya cika ake ƙara wa kaya, yaro yana kuka yana shaƙa, kunu ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Wannan al'ada ya kamata mu yi bankwana da ita.

Na shida, kwanciya. Saboda tsoron kada ya shaƙe, sai a kifa jariri a kan cikinsa ko a tada shi da filo. Likitocin yara sun yi ittifaƙi cewa jariri ya yi barci a rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ko da yana tumbuɗi. Idan yana rigingine hanyar iska tana sama, ta abinci tana ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Kifa shi yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci. A Amurka, a 2019, an janye miliyoyin wani gadon jarirai mai gangare bayan mutuwar jarirai fiye da 30 a cikinsa. Irin waɗannan kaya suna iya ɓullowa cikin gwanjo, a kula.

ABIN DA KE TAIMAKAWA, KUMA KYAUTA NE

A ba yaro nono kaɗan-kaɗan, akai-akai, kada a bari sai yunwa ta sa shi ihu ya haɗiyi iska. A tsaya a tsakiya a sa shi gyatsa, a kuma yi a ƙarshe. A riƙe shi a tsaye a kafaɗa minti 20 zuwa 30 bayan ya sha, kada a hau cilla shi sama ana wasa. Kada a ɗaure famfas ko zanen goyo tamau a kan cikin da ya cika. Idan nas ta duba yadda yake kama nono ta gyara, sau da yawa abin yana raguwa. Mai shan gwangwani a auna masa daidai yadda aka rubuta, ramin fida kada ya yi faɗi, kuma kada a zuba koko ko kastad a fida sai da shawarar likita. Yaro mai kilo 5 abin da yake buƙata a yini wajen mililita 750 ne, a raba shi sau 6 zuwa 8. Hayaƙin taba yana ƙara sassauta wannan ƙofa, don haka mai sha ya yi nesa da ɗakin jariri.

YARAN DA SUKA TASA

Ba jarirai kaɗai ba ne. Yaro ɗan shekara 7 ko 12 ma yana yin ƙwarnafi, sai dai bai san sunansa ba. Zai ce ƙirjinsa na zafi, ko ruwa mai tsami yana taso masa, ko ya yi ta tari da dare, murya ta dishe da safe, wani har haƙoransa su fara cinyewa. Mai asma abin yakan tayar masa. Mu kuma da mun ji sai mu ce olsa ce, a aiki ƙaninsa kemis.

Mu dubi zamanmu na nan. Maigida ba ya dawowa daga kasuwa sai goma na dare saboda cunkoso, a lokacin ake cin abinci mai nauyi. Indomie da ƙwai da yaji, soyayyen abu, lemon kwalba, shayi mai kauri, yaro ya ci ya faɗi a wurin ya yi barci. Gyaran a bayyane yake: yara su ci da wuri, a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci da kwanciya, a rage maiƙo da lemon kwalba da duk abin da aka lura yana tayar masa, a kula da ƙiba. Babban yaro, ba jariri ba, ana iya ɗaga masa kan gado ko ya kwanta a gefen hagu. A daina ba yara ibuprofen barkatai a kan cikin da ba komai, yana cin ciki. Idan abin ya wuce sati biyu yana dawowa, ko abinci yana tsaya masa a wuya, ko yana ramewa, ko kashinsa ya yi baƙi, sai likita.

"IYAYENMU HAKA SUKA YI MANA"

Mun san za a faɗi wannan, kuma ba mu raina ta ba. Iyayenmu sun yi iya saninsu, da ƙauna, a lokacin da asibiti ke nesa. Amma mu da muke wannan magana mu ne waɗanda suka rayu. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa nawa ta haifa, nawa suka tsaya. Waɗanda suka tafi ba sa nan balle su ba da shaida. Ajali na Allah ne, ba mu musu, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma yaro amana ne.

Za a kuma ce asibiti tsada, ga layi, ga yare. Wannan gaskiya ce. Matanmu da yawa an kawo su daga gida ba su jin Yarabanci, Turancin ma sama-sama, ba uwa kusa, ba yaya. Ta je asibiti ta kasa bayani, a daka mata tsawa, ta dawo ta rantse ba ta ƙara zuwa. Mai kemis kuwa yana bakin layi, yana jin Hausa, yana ba da bashi. Ba mu ga laifinta ba. Amma a yi lissafi: kuɗin sirof uku, gwangwani huɗu da ladan wanzami sun ninka kuɗin kati a cibiyar lafiya ta unguwa, inda awo da rigakafi ba sa cin wani abin kirki. Ga manyan wurare idan abu ya yi tsanani: LASUTH a Ikeja, LUTH a Idi-Araba, asibitin yara na Massey a cikin Eko. Lambar gaggawa ta jiha 112 ko 767.

Maganarmu ta ƙarshe ga maza ce, mu da kanmu. A gidajenmu ba a fita sai da izininmu, ba a kashe kuɗi sai daga aljihunmu. Uwar yaron nan mai feshi ta san akwai matsala tun kwana na biyu, amma ba a saurare ta ba. Idan matarka ta ce "Maigida, yaron nan ba daidai yake ba," kada ka ce ta cika tsoro. Ita ke tare da shi dare da rana. Ka buɗe katin awon ɗanka ka gani da idonka. Ka bar mata izini a buɗe da ɗan kuɗin mota, cewa duk ranar da ta ga ɗaya daga alamomin nan ta wuce asibiti, ta kira ka a hanya. Idan Hajiya ta bugo daga gida ta ce a cire beli, kai ne za ka lallashe ta cikin ladabi: "Hajiya, an kai shi awo, an ce lafiyarsa lau, a taya mu da addu'a." Kada ka bar matarka ta yi wannan gardama da surukarta ita kaɗai.

A zama mai zuwa za mu gabatar wa shugabanni shawara uku. Na ɗaya, a samu mata masu jin Yarabanci ko Turanci a kowace unguwa da za su riƙa raka masu jego asibiti, ƙungiya ta ɗauki kuɗin motarsu. Na biyu, mu gayyaci ma'aikaciyar jinya ta zauna da matanmu a Islamiyya, da Hausa, a yi tambaya a sake. Na uku, mu zauna da wanzamanmu da unguwarzoma cikin mutunci, domin su ake fara kira, kuma idan suka ce "wannan na asibiti ne" an fi jin maganarsu fiye da tamu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda ya karanta ya karanta wa iyalinsa, musamman waɗanda ba sa karatun boko. Mai ƙarin bayani ko gyara, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

Sakatare,
a madadin kwamitin walwala da jin daɗin al'umma.